Tuffar da Na Zaɓa wa Sabitu

Tun da na dawo daga Amurka ban samu sakat ba. Da na zauna a majalisarmu ta bakin masallaci bayan la'asar, sai wani ya ce, "Malam Haladu, wai da gaske ne can maƙwabci ba ya gaida maƙwabci?" Wani kuma ya ce shi labarin jirgi yake so. Nakan tsakuro musu abin dariya in ba su, sauran in haɗiye. Yau wata biyar ke nan, kuma na ga haɗiyewar ba ta rage mini komai ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi tun daga farko, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta.

Ga wanda bai san ni ba, malamin gona ne ni. Na yi shekara talatin da biyu ina yawo a ƙauyukan ƙasar Zazzau kafin in yi ritaya. Ina da lambu a bakin rafi wajen Giwa, kuma duk mangwaron da ke cikinsa da hannuna na yi masa aure, wato na ɗora reshen iri mai daɗi a kan gindin wani. Na faɗi haka ne don a san cewa in ana maganar itace, ba na jin akwai mai gaya mini abin da ban sani ba.

Ƙanena Sabitu, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara tara na ba shi. Ni na riƙe shi bayan rasuwar mahaifinmu har ya gama karatun injiniya. Ya tafi Amurka ƙarin karatu, ya samu aiki, ya zauna. Shekararsa ashirin da huɗu a can, zuwansa gida bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Bara da damina sai ya tsiro da maganar in je. Na ce masa masara ta yi goyo, ya bari sai an yi girbi. Ya ce, "Yaya, don Allah ka zo a wannan kakar." Sabitu bai taɓa nace mini a kan wani abu ba, don haka na amsa.

A Abuja na nemi biza. Baturiyar da ke bayan gilashi ta tambaye ni me zai dawo da ni Najeriya. Na ce lambuna. Ta yi murmushi ta karɓi fasfo. Ban san haka abin yake da sauƙi ba, don wanda ke gabana da ƙaton fayil ya zo, kuma da fayil ɗinsa ya koma.

Daga Kano muka tashi, muka sauka Habasha muka canja jirgi. Tafiya ta biyun ita ce wadda ba ta ƙarewa. Ka yi barci ka farka, ka ci abinci, ka sake barci, har yanzu kuna sama. Lokacin salla ma ya rikice mini. Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wani mutumin Maraɗi da ke tuƙa tasi a Washington, shi ya riƙa duba waya yana gaya mini lokaci. Da muka kusa sauka ya dube ni ya ce, "Malam, in akwai nama a balis ɗinka, jakar kayanka nake nufi, ka faɗa musu da bakinka tun kare bai faɗa ba."

Na ɗauka wasa yake. Muna tsaye wajen ɗaukar kaya sai ga wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa, sanye da riga kamar ma'aikaci. Ya zo ya shinshina jakata, ya zauna a gefenta yana kallona. Aka kai ni wani ɗaki aka buɗe. Kuka da busasshiyar kuɓewa suka wuce. Kilishin da uwargidana ta sa aka yi wa Sabitu aka jefa a wani babban kwando. Sannan jami'in ya ɗago wani ƙunshin tsumma mai laima. Rassan mangwarona ne guda shida, na yanko su daga itacen da na fi so, da niyyar in yi wa Sabitu auren mangwaro a gidansa. Na yi ta bayani da Turancina na makarantar aikin gona, shi kuma yana amsawa da nasu na hanci, ba na kama rabin abin da yake faɗa. Bai yi mini tsawa ba, har haƙuri ya ba ni, amma rassan sun bi kilishi.

Da na fito na wuce Sabitu ban gane shi ba, sai da ya kira ni. Yana sanye da hular sanyi da rigar da ta yi masa yawa. Na riƙe kafaɗarsa na ce, "Kai, ina sauranka?"

Ya yi dariya. "Yaya, nan ƙasar kowa rage ƙiba yake yi. Likita ne ya ce in rage."

Na ba shi labarin mangwaro a mota, ya yi dariya har da tari. Ya ce ko da sun bar ni na shigo da shi, sanyin farko zai kashe shi. Matarsa Rakiya ce ke tuƙi. Na lura da haka, amma na ce a raina al'adar ƙasar ce.

Gidansu yana wani gari da ake kira Gaithersburg, arewa da Washington. Gidan katako ne, in ka taka sama na ƙasa yana ji. Aka ba ni ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, tagarsa daidai da ciyawar tsakar gida. Kwana biyun farko ji nake kamar an ajiye ni a rijiya, amma akwai ɗumi. 'Ya'yansu biyu duk suna jami'a a wasu jihohi, sai ta waya muka gaisa, ina yi musu Hausa suna mayar mini da Turanci. Game da maganar gaisuwa da kuke tambaya, suna gaisawa, amma da hannu kawai, daga nesa, suna tafiya. Da safe na tsaya in tambayi maƙwabcinsu gajiya da iyali, mutumin ya tsaya yana jira in faɗi abin da ya kawo ni.

Abinci kam ban wahala ba. Rakiya ma'aikaciyar asibiti ce, amma duk ranar da take gida sai ta tuƙa mini tuwon shinkafa. Ran Asabar ta farko ta tafi da ni wani gari, Hyattsville, inda shagunan 'yan Afirka suke. Na ga doya, na ga manja, na ga daddawa a cikin firij kamar magani. A nan muka haɗu da wani abokinsu, Danladi, mutumin Pankshin, shi ma aikin jinya yake yi. Ya rusuna ya ce, "Baba, sannu da zuwa, ya hanya?" Hausarsa ta Jos ta sa na ji kamar ina tashar mota a gida. Sai ya juya wajen Rakiya ya rage murya ya ce, "Ya jikin Oga?"

Ta yi sauri ta ce, "Da sauƙi. Mura ce."

Na ji, ban sa a rai ba.

Sau ɗaya na shiga cikin Washington ni kaɗai a jirgin ƙasansu na cikin gari. Na tsaya a gefen hagu na matakalar nan mai tafiya da kanta, ashe hagu na masu gudu ne. Mutane suka taru a bayana, kowa yana ba ni haƙuri yana ture ni. Na ga manyan gine-gine da ofisoshin jakadanci, na dawo da ciwon ƙafa. Ban sake marmarin zuwa ba.

A mako na biyu Sabitu ya ce za su kai ni inda zan ji daɗi. Muka yi tafiyar kamar rabin awa zuwa wata gonar tuffa. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne, a can kai za ka biya a bar ka ka shiga ka yi tsinka da hannunka. A Giwa ni nake neman masu tsinkar mangwaro in sallame su. Ga Turawa da 'ya'yansu suna ta murna suna yi wa mai gona aiki. Abu na biyu, itatuwan gajeru ne, wasu ba su fi tsayina ba, an ɗaure su jikin waya kamar tumatir, amma 'ya'ya sun yi musu yawa har rassa na sunkuyawa.

Ni tuffar da na sani ita ce ta bakin titi a Kaduna, wadda ake jerawa a faranti, ja ko kore, ka gutsira ka ji kamar auduga. Ban san tana da iri-iri kamar mangwaro ba. Kowane layi da sunansa a allo. Akwai Gala mai zaƙi sumul, akwai Fuji da ta fi ta zaƙi, akwai wata Honeycrisp da in ka gutsira na kusa da kai sai ya ji ƙarar. Sabitu yana yanka mini da 'yar wuƙa yana tambaya, "Wannan fa, Yaya?" Shi kuwa ɗan lasa kawai yake yi ya miƙa wa Rakiya.

Da muka zauna a kan wani benci ya huta, sai ya ce, "Yaya, so nake in dasa guda ɗaya a bayan gida. Shekara ashirin da huɗu ban taɓa dasa ko barkono a ƙasar nan ba. Ina so in ci wadda na dasa da hannuna. Kai za ka taya ni zaɓa."

Raina ya yi fari. Tun da na zo ni ake koya wa komai, yadda ake buɗe famfo, yadda ake raba shara. Yau ga abin da na iya.

Ashe ya daɗe yana shiri. Ya fito mini da wani ɗan littafi da ya cika da rubutu. Ya rubuta cewa yankinsu yana da zafi da laima a lokacin bazararsu, kuma hakan yana kawo cututtukan ganye, don haka ba kowace tuffa ke jin daɗin wurin ba. Ya rubuta cewa tuffa ba ta haihuwa ita kaɗai, sai da wani iri daban a kusa wanda ƙudan zuma zai ɗebo garin furensa. Wannan ya riga ya warware shi, don maƙwabcinsa yana da wata tuffar ado mai ƙananan 'ya'ya kamar magarya a jikin shinge. Ya auna bayan gidan ya gano wuri ɗaya ne tak rana ke yini a kansa, daidai tsakiya, inda ake hangowa daga tagar ɗakinsa. Na karanta na jinjina masa, amma a raina na ce duk wannan ilimin takarda ne.

Ranar Asabar muka je wurin da ake renon itatuwa ana sayarwa. Mai wurin wata tsohuwar Baturiya ce, hannunta duk kanta kamar nawa. Na ji ta kwanta mini tun daga hannun. Sabitu ya ce mata Honeycrisp yake sha'awa. Ta girgiza kai ta ce wannan 'yar gata ce, tana son sanyin arewa, a nan za ta ba shi wahala. Ta ce in yana son wadda zai ci ba tare da yawan feshi ba, ya ɗauki wata mai suna Liberty. Ta yanko mana ɗaya. Tana da zaƙi da ɗan tsami a ƙarshe, mai ruwa. Muka dubi juna da Sabitu, muka yarda a kan wannan ba gardama.

Gardamar a kan gindi ta taso. Kamar yadda muke yi wa mangwaro, su ma aure suke yi wa tuffa, a ɗora reshen mai daɗi a kan gindin wata. To gindin shi ke yanke girman itacen. Ta nuna mana guda biyu, duk Liberty. Ɗaya gajere ne a cikin babbar tukunya, ta ce shekararsa huɗu a hannunta, shi kaɗai ya rage mata irinsa. Har da 'ya'ya uku a jikinsa. Ta ce ba zai wuce tsayin ɗaki ba, sai an kafa masa sanda duk rayuwarsa, kuma ba ya daɗewa kamar babba, amma baɗi war haka za a ci. Ɗayan kuwa siriri ne kamar bulala, a kan gindin babban itace. Ta ce wannan zai yi girma ya yi inuwa, ya wuce shekara hamsin, amma sai an jira shekara shida ko bakwai kafin a ga ɗan fari.

Sabitu ya dafa gajeren ya ce, "Wannan nake so."

Na ce da Hausa, "Wannan ai ba itace ba ne, gurgu ne. Itacen da ba zai tsaya da ƙafarsa ba sai da sanda?"

Ya ce, "Yaya, yana saurin haihuwa."

Na ce, "Saurin me kake yi? Ina za ka? Kun zo ƙasar mutane kun koyi gaggawa, komai sai na yanzu-yanzu. Mangwaron da Baba ya dasa a ƙofar gida, shi ya ci? Mu muka ci, 'ya'yanmu suna ci. Ka kira ni tun daga Giwa in zaɓa maka, ko ka kira ni in zo in kalli ka zaɓa?"

Tsohuwar ba ta jin Hausa, amma ta ji muryata. Ta ce wa Sabitu a hankali, a ƙaramin gida irin nasu yawancin mutane gajeren suke ɗauka. Na ce mata da Turanci shekarata talatin da biyu a wannan aikin. Ta ɗaga hannu ta ja baya.

Sabitu ya tsaya yana murza ganyen gajeren da yatsa. Can ya ce, "To Yaya. Yadda ka ce."

Rakiya ta juya ta tafi mota ta zauna. Na ɗauka gajiya ta yi.

Ko rami ba a haƙawa a can sai an yi waya. Sai da wasu mutane suka zo suka fesa fenti a ciyawa, suka kafa 'yan tutoci inda bututun gas da wayar lantarki suka bi, sannan aka ba mu izini. Ƙasar ja ce mai yumɓu, irin ta wajen Samaru, tana kama shebur. Na ce wa Sabitu tunda itacensa ne, shi zai fara. Ya karɓa. Bai yi sara goma ba zufa ta karyo masa, a cikin wannan sanyin. Ya kife bokiti ya zauna yana haki.

Na ce, "Amurka ta cinye ka, Sabitu. Ni da na ba ka shekara tara, duba." Na karɓe shebur na gama ramin ina yi masa tsiya. Na faɗaɗa shi sosai, na baje saiwoyin, na bar gaɓar auren a saman ƙasa, na zuba ruwa, na rufe gindin da ɓawon itace. Shi ya riƙe itacen a tsaye ina mayar da ƙasa. Yana ta murmushi. Ya sa Rakiya ta ɗauke mu hoto.

Kwana biyu da dasawa muka tashi muka tarar barewa ta cinye kan rassan. A can barewa yawo take yi cikin unguwa kamar akuya, kuma ba mai taɓa ta. Na ce a gida da tuni ta shiga tukunya. Muka sayo waya na kewaye itacen. Kullum da safe sai na fita na duba shi, in dawo in ba Sabitu rahoto, in ƙara da wa'azin da na saba yi masa: ya isa haka, ya tattara ya dawo gida, ga fili na ajiye masa kusa da lambuna. Yakan ce, "In sha Allahu, Yaya." Duk ranar Talata ta biyu sukan fita da Rakiya tun safe, su ce ofis, ya dawo ya kwanta har washegari. Na taɓa ce masa wannan wane irin ofis ne da ke mayar da mutum kamar an yi masa duka.

Saura kwana uku in taso, da azahar, yana barci a sama, ina kicin ina shan shayi. Rakiya ta shigo ta tsaya jikin firij. Ba ta saba zama inda nake ba, amma ranar ta ja kujera.

Ta ce, "Yaya, ya hana ni faɗa. Amma ba zan iya bari ka hau jirgi ba ka sani ba."

Ta ce ciwon daji ne, a hanta. An gano shi tun watan azumi. Talatar da suke fita, asibiti suke zuwa a sa masa magani. Hular da ba ya cirewa, gashin ne ya zube. Na tambaye ta me likitoci suka ce. Ta ce, "Rai na hannun Allah. Amma sun ce mu yi lissafin shekara ɗaya, in an yi sa'a biyu."

Ban san lokacin da na ajiye kofin ba. Abin da ya fara zuwa mini ba asibiti ba ne. Muryata ce na ji a wurin tsohuwar nan, ina cewa saurin me kake yi, ina za ka.

Na ce, "Rakiya, tashi ki kai ni wurin matar nan."

Muka je. Rabin wurin an kwashe, ana shirin sanyi. Tsohuwar ta gane ni. Na tambaye ta gajeren. Ta ce wasu mata da miji sun ɗauke shi kwana biyu bayan zuwanmu. Ta ce sai watan Maris za a kawo mata wasu, kuma ƙanana ne, ba su kai wancan ba. Rakiya ta yi mata bayani a gefe da Turanci. Matar ta dube ni, ta rubuta sunan Sabitu a littafinta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da muka dawo Sabitu ya tashi, yana zaune bakin taga da bargo a kafaɗa. Ya dubi fuskata ya dubi ta Rakiya, ya gane.

Na ce, "Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya ce, "Da na gaya maka, da jinya za ka zo. Ni kuma Yayana nake so ya zo, ya yi mini faɗa kamar da."

Na ce, "To a wurin itacen fa? Ka buɗe baki ka ce mini a'a mana. Kai yaro ne?"

Ya yi 'yar dariya. "Yaushe na taɓa ce maka a'a? Kuma ka ga fuskarka ranar? Tun da ka zo ban ga ka sake ba sai ranar."

Na ce gobe zan tumɓuke nawa, in Maris ya zo a sa gajeren a wurin, tunda nan ne kaɗai rana take. Ya ce ban isa ba. Ya ce wannan mu biyu muka dasa shi, yana nan inda yake, yaran za su ci. Na ce to zan ɗaga tafiyata. Ya ce in tafi, iyalina suna jira, lambu yana jira, kuma sanyin da ke tafe ba zan iya shi ba. Na yi ta jayayya, ya ƙi. Wannan karon ni na ce masa to.

Ranar tafiya bai iya raka ni filin jirgi ba. A bakin ƙofa muka yi sallama. Na riƙe hannunsa, ina so in ce ya yafe mini tsiyar da na yi masa a kan bokiti. Abin da na iya cewa shi ne a riƙa duba wayar nan saboda barewa. Danladi ne ya kai ni. Mun yi rabin hanya sannan ya ce, "Baba, kada ka damu, muna nan tare da shi." Na dawo ta hanyar da na bi, ban tuna abin da na ci ko wanda na zauna kusa da shi ba.

Da Maris ya zo tsohuwar ta cika alkawari, ta kira su. Danladi ya haƙa ramin a jikin shinge, inda rana ke samu rabin yini, Rakiya ta dasa, Sabitu yana kallo daga kujera. Ɗan ƙarami ne, bai kai ƙirjina ba a hoto.

Makon jiya ya kira ni ta bidiyo. Ya ƙara ramewa, muryarsa sai na kasa kunne. Rakiya ta juya wayar ta nuna mini itatuwan. Nawa ya yi ganye shar, ba fure ko ɗaya, kamar yadda aka faɗa. Ƙaramin kuwa ya fitar da fure a reshe biyu, fari da ɗan ja-ja.

Sabitu ya ce, "Yaya, matar nan ta ce a shekarar farko cire furen ake yi, don itacen ya yi saiwa. Ta ce in an bar shi ya yi 'ya'ya yanzu zai tsumbure. Na ce sai na tambaye ka. A cire ko a bari?"

Matar ta yi gaskiya. Ni kaina na faɗa wa manoma haka ya fi sau ɗari, na cire furen mangwaro da hannuna suna kallo suna jin haushi.

Na ce, "A bari."

Ya ce, "Ka tabbata, Yaya? Kai ne malamin gona."

Na ce, "Na tabbata. Kada wanda ya taɓa shi."